Ina so in haɗe falo da baranda da katako a Bobiyel, gara da rana za su bar ni?

Malamin Lissafi, Bobiyel:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san katako da gini, musamman wanda ya taɓa yin irin wannan aiki a nan Yamai.

Shekara huɗu ke nan da muka tare a gidanmu na Bobiyel. Ginin bulo ne da siminti, rufin kwano, ɗaki uku da falo. Falon mita 6 ne a kan 4, da ƙofar ƙarfe ɗaya da taga biyu. Gabansa akwai baranda mai faɗin mita 2 da rabi tana kallon kudu. Gefenta na yamma bangon falo ne ya zarce ya tare shi, gefen gabas kuwa a buɗe yake. Daga nan sai tsakar gida, inda na dasa bedi ɗaya da lemun tsami.

Bara, bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na ɗauko Inna daga ƙauyenmu can wajen Keita ta dawo wurinmu. Tun da ta zo ban taɓa ganin ta zauna a falo na minti goma ba. Da ta idar da sallar asuba za ta ja tabarmarta zuwa bakin baranda, da butarta da carbinta da ɗan rediyonta, nan za ta wuni tana bin inuwa. Yara kuma suna ciki gaban talabijin, ƙofar ƙarfe a rufe saboda ƙuda da zafi. Gida ɗaya muke, amma zaman gida biyu muke yi. Wata rana da yamma na dawo daga makaranta na tarar da ita tsaye jikin taga, ta kare fuska da hannu tana leƙen autarmu da ke ƙyalƙyala dariya a ciki. Ta yi murmushi ita kaɗai, ta koma kan tabarmarta. Ba ta san na gan ta ba. Abin nan ya tsaya mini a rai har yau. Da na ce mata ta riƙa shiga, abin da ta ce kawai shi ne, “Ɗakin nan naku ba ya numfashi.”

Ga abin da nake tunani. In fasa bangon da ke tsakanin ƙofa da taga ɗaya, a yi babbar ƙofa mai faɗin mita 3 wadda ake naɗewa gefe. Sannan a cire farin palafon ɗin, wato silin da ke ƙarƙashin kwano, a sa katako wanda zai taso daga ƙuryar falo ya wuce ta saman ƙofa har bakin baranda, layi ɗaya bai karye ba. Bangon yamma shi ma a lulluɓe shi da irin katakon daga ciki har waje. Wani abokin aikina da ya yi karatu a Kanada ne ya nuna mini hotunan gidaje irin haka, in ka buɗe ƙofa ba ka sanin inda ɗaki ya ƙare waje ya fara. Amma can ƙasar sanyi ce mai dazuzzuka, mu kuwa ga ranar Afrilu, ga hunturu, ga gara.

Garar nan ita ta fi ba ni tsoro, domin ta taɓa yi mini ɓarna. A gidan haya da muka zauna a Talaje ina da kantar littattafai ta farin katako, an shafe ta da fenti ruwan ƙasa, tana jingine da bango. Mun tafi hutun damina wata biyu. Da muka dawo, a ido lafiyarta lau. Na kai hannu zan ɗauko littafi, sai yatsana ya nutse cikin katakon kamar ɓawon ƙwai. Fentin kaɗai ya rage, ciki duk jar ƙasa ce. Littattafan da ke layin ƙasa, har da wasu na Baba da ya ba ni tun ina ɗalibi, sun zama gari. Tun ranar nake shakkar duk wani katako da ya taɓa bango.

To wane katako ne zai jure a nan, kuma ana samunsa a kasuwar Katako? Me ake shafa masa? Na ji wasu na cewa baƙin mai na mota, amma ban ga yadda zan sa shi inda yara ke kwana ba. In kuma aikin gaba ɗaya zubar da kuɗi ne, ku faɗa mini gaskiya, albashin malami ne, tara shi na yi.

Kafinta, kusa da Katako:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya saka maka da alheri kan kula da tsohuwa. Shekarata 22 a wannan sana'a. Irin aikin da kake so na yi wa mutum uku. Biyu suna nan lafiya har yau, ɗaya ya lalace, kuma na san abin da ya lalata shi, zan zo kansa.

Kantarka samba ce, ko ban gani ba na sani. Shi ne farin katakon da ƴan Gana ke ce wa wawa, ƴan Najeriya su ce obece. Ba shi da nauyi, yana da daɗin aiki, yana da araha, amma a wurin gara tuwo ne. Aikinsa shi ne tare kankare lokacin zubi, ko kayan ɗaki da ba su taɓa ƙasa. Kada ka bari kowa ya sa maka shi a baranda, ko da ya rantse ya shafa magani.

Biyu nake yarda da su: iroko da tek. Iroko iccen dajin kudu ne, sabo yana da ruwan ɗorawa, in ya sha haske sai ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Tek asalinsa daga Asiya ne, amma ana nomansa a Benin da Togo da Gana da Kodebuwa. Yana da maiƙo a jikinsa, in an yanka shi sabo za ka ji ƙanshi kamar na fata, kuma yana dakushe bakin zarto da wuri. Dukansu zuciyar iccen ce gara ba ta so. Farin gefen nan da ke kusa da ɓawo ba shi da wata kariya, tek ɗin gona kuma da ake sarewa yana ƙarami farin gefensa yana da yawa. Duk allon da ka ga farin layi a bakinsa, a yanke farin ko a mayar da shi. Sannan ka sani “jan katako” sunan kasuwa ne, ba sunan icce ba, itatuwa iri-iri ne ke shiga ƙarƙashinsa, har akwai masu rina fari ya koma ja. Ka sa a yanke maka bakin allo ɗaya a gabanka ka ga launin ya kai ciki, ka ɗaga ka ji nauyi. Araha ba ta ado.

Yanzu maganar wanda ya lalace. Ba gara ta ci shi ba, hunturu ne. Katako yana shan laima daga iska yana kuma fitarwa, kamar soso. Wanda ya taso daga bakin teku da ruwansa yake zuwa. A nan kuwa cikin Fabrairu da Maris iska kan bushe ƙayau har leɓe ya tsage, a Agusta kuma gishiri ya jiƙe a kwano. Tsakanin waɗannan lokuta biyu allo mai faɗin santimita 15 yana iya raguwa da milimita 3 ko 4. Mai gidan nan bikin ƴarsa ya matso, ya matsa mini, muka kafa katako a Satumba kwana huɗu da sauke shi daga mota. Na gaya masa, ya ce in yi kawai, ni ma na yi kuskure da na yarda. Kafin ƙarshen Janairu tsabar dala ashirin tana shiga tsakanin allo da allo, wasu sun lanƙwashe kamar kwalekwale sun tumɓuke ƙusa.

Saboda haka ka sayi katakonka cikin Nuwamba. Ka jera shi a inuwa, a ɗage daga ƙasa a kan bulo, ka sa ƴan sanduna tsakanin layi da layi don iska ta ratsa, ka danne sama da abu mai nauyi, ka shafe bakunan da fenti kada su tsage. Ka bar shi wata uku. Bayan nan a feƙe shi a fitar masa da mace da namiji, wato rami a baki ɗaya da harshe a ɗayan don allunan su shiga juna. Amma in an zo kafawa da rani kada a matse shi ƙam, a bar masa ɗan wuri a cikin ramin, don damina za ta kumbura shi. Kuma a tsaga shi siriri, santimita 8 zuwa 10, kauri 2. Siririn allo motsinsa kaɗan ne.

A bango, kada katako ya manne da siminti. Ana fara kafa sanduna, a ɗora allunan a kansu, a bar santimita 2 a baya iska na wucewa, a toshe sama da ƙasa da raga. Daga daɓe kuma a ɗaga shi santimita 20. Wannan tazarar ita ce maganin abin da ya same ka a Talaje. Gara daga ƙasa take tasowa, ba ta son haske, sai ta gina ƴar hanyar laka ta bi ciki. In akwai fili a buɗe tsakanin daɓe da katako, mai shara zai ga hanyar tun tana kamar zare, a kankare, a zuba magani. A yi aiki da ƙusa mai murɗi, wadda muke ce wa bis, ta inoks, ƙarfen da ba ya tsatsa, a fara huda wurin kafin a ɗaura. Baƙin ƙarfe yana zubar da baƙin hawaye a jikin katako da ruwan farko.

Baƙin mai ka manta da shi, na gindin dirkar shinge ne, wari da guba ne a ɗaki. Berni, shafen katakon nan mai ƙyalli, shi ma ban ba ka shawara ba a waje, rana tana fasa shi ya riƙa ɓarewa kamar fatar maciji, gyaransa kuma sai an goge duka. Mai ake shafawa wanda ke shiga jiki, man lin ko man tek, siriri, a goge ragowar, a maimaita duk shekara bayan ƙurar hunturu ta wuce. Tsumman da aka shafa man lin da shi kada a dunƙule shi a jefar a lungu, yana iya kama wuta shi kaɗai. A shanya shi a buɗe ko a tsoma a ruwa.

Ka yi lissafi kafin ka zo, ai fanninka ne. Sama, falo da baranda, murabba'in mita 39 ne. Bangon zai kai 18. Ka ƙara kashi ɗaya cikin goma na asara. Da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya ta Lome da Burkina suka riƙa zagayowa, katako ya yi tsada ƙwarai. In kuɗin ba su isa duka ba, fara da sama. Can ne rana ba ta duka, ruwa ba ya taɓawa, kuma ya fi nisa da gara. Sai dai a hau a duba kwanon tukuna, ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata aikin.

Tsohon magini, Tawa:

Salamu alaikum. Jikana ka rubutawa, ni ka faɗi. Ɗana, an karanta mini zancenka har ƙarshe. Ni ginin ƙasa na yi shekara arba'in cikin Adar, kahin ƙahwahu su gaza.

Abin ga da kaka nema, muna da shi tun kakanni, sai dai ba mu ba shi suna ba. Mutum shi baro rana shi shiga zaure, daga zaure shi hita tsakar gida, daga nan rumfa, daga rumfa ɗaki. Kowane wuri ya ɗara na bayanshi duhu da sanyi kaɗan. Ba a faɗawa ɗaki kai tsaye daga rana. Da siminti ya zo sai anka bar mutane da abu biyu, ciki da waje, da ƙohwar ƙarhe tsakani. Tsohuwarka gaskiya ta faɗi.

Amma ina tambayarka, ka zamna ka tambaye ta mi ya hana ta shiga? Mu tsohhi ba launin bango muka bi ba. Muna son mu ji sallama, mu ga mai shigowa, mu zubda ruwan alwala kusa, iska shi taɓa mu. Kada ka kashe kuɗinka ga abin da ya burge idonka, ita kuwa damuwarta daban. Tambaye ta tukuna.

Zancen icce kuwa, mu azarar giginya munka sani, wadda aka kawowa daga wajen Gaya. Namijin giginya ya hi ƙarhi, kuma bayan iccen shi na mai tauri, cikin laushi gare shi. Gara ba ta iya mata. Na sha rushe ɗakin da ya girme ni in hidda azara in sake aza ta ga sabon ɗaki. Dirka kuwa ƙirya ta. Amma yanzu ba a sarar su haka nan, ma'aikatan gandun daji na tsaronsu, kuma sun yi daidai. Ni na ga Adar bayan yunwar 1973 da ta 1984, na ga tudu ya koma tsirara. Kai ɗan Keita na, ka san aikin da anka fara can cikin 1984, da wahalar da mata sunka sha suna ɗaukar duwatsu suna gina ramu ana dasa icce. Uwarka wataƙila tana cikinsu. Don haka ban son in ji an lulluɓe gida da icce kamar zane. A sa kaɗan, inda ido ka kaiwa, shi daɗe.

In ka zo gida, ka ratsa Yama ka ga masallacin da Falke Barmu ya fara cikin 1962, wanda anka ba lambar yabo ta gine-gine ta Aga Khan cikin 1986. Ƙasa ta da icce kaɗan. Ka shiga da azahar ka ɗaga kai, ka ji sanyin wurin, sannan ka yanke shawara.

Mai zanen gini, Kwara Kano:

Malam, sannu da ƙoƙari. Baba na Tawa, mun gode, Allah ya ƙara girma. Abin da kafinta ya faɗa a kan katako ban da ƙari. Ni kan bango da rana zan yi magana.

Kafin komai, kada a ɗora guduma a bangon nan sai injiniya ya zo ya gani. Ƙofa mai mita 3 ba taga ba ce. Bangon yana iya kasancewa shi ke ɗauke da rufin falo da na baranda gaba ɗaya. Sai an tokare rufin, an zuba ginshiƙi a kowane gefe da gadar kankare mai isasshen ƙarfe a sama, ta bushe, sannan a fasa. Wannan gadar kuma za ta sauko ƙasa da palafon, ta yanke layin katakon da kake so ya zarce. A yi shawara tun farko: ko a ɗaga ta ta ɓuya a sama in tsayin ginin ya ba da dama, ko a lulluɓe ta da katakon.

Baranda mai kallon kudu sa'a ce a Yamai. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da mu take bi, kafin nan ma a tsakar ka take, wato lokacin da zafi ya fi tsanani barandarka tana cikin inuwa da tsakar rana. A Disamba ne take karkata kudu, ta shigo kusan mita 2 ƙarƙashin rufin, lokacin kuma ana maraba da ita. Inda matsalarka take gabas ne. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, shi ya sa a garuruwanmu bangon gabas ke fara zaizayewa. Gefen da ka bari a buɗe nan ruwa da yashi za su shigo su doshi bangon da kake son lulluɓewa. Ka tare gabas da bulo mai huji, iska ta wuce, ƙarfin ruwa ya karye.

In rage zafi kake so, fuskar bangon yamma ta waje, wadda ranar la'asar ke duka, ita ke bukatar sutura. Siminti yana ɗaukar zafi ya riƙe, ya sake shi cikin ɗaki da dare. Ko zana ka rataya da ƴar tazara daga bangon za ka ji bambanci. Francis Kere na Burkina, wanda ya samu lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini, a 2022, haka ya yi a makarantar Schorge ta Kudugu: ya kewaye azuzuwa da sandunan iccen turare a tsaye, suka ba da inuwa, aka samu wurin zama tsakaninsu da bango. Sai dai sandar turare ƙarama tana tsagewa, gara ma tana cin ta, dole a ɗaga ta daga ƙasa a kan ƙarfe.

Ina goyon bayan Baba a kan rage katako. A ƙasar nan aka yi shekaru ana koya wa magina gini ba katako, rufin tulluwa da baka na tubalin ƙasa, tun daga garin Cikal wajen 1980, saboda daji ya ƙare. Mariam Issoufou ma, mai zanen gini ƴar ƙasar nan, da bulon ƙasa matsattse ta yi gidajen Niamey 2000 da masallacin Dandaji da ke jihar Tawa. A ganina abin da ke haɗe ciki da waje ya fi yawa a ƙafa, ba a ido ba. In daɓen falo da na baranda tsayinsu ɗaya, shimfiɗarsu iri ɗaya, ba dokin ƙofa da za a tsallaka, mutum zai shiga bai ma lura ba. A ɗan karkata na baranda zuwa tsakar gida, santimita 1 ko 2 a kowace mita, a sa magudana a bakin. Wayoyin lantarki da za su bi bayan katako a zura su cikin bututu, murhu da tukunyar gas kuma su yi nisa, domin tazarar nan ta baya tana jan wuta sama in ta kama.

Hajiya, Yantala:

Malam, ni na yi, shekara biyar ke nan, iroko ne a bangon baranda da na falo. Ban yi nadama ba, amma ga abin da babu wanda ya gaya mini. Namu a kwance aka jera shi, kowane tsagi ya zama mazaunin ƙura. Da hunturu kullum sai an bi shi da burushi layi-layi. Ka sa a jera naka a tsaye. Ba a sa mana raga a baya ba, tsaka da kyankyaso suka samu gida, zanzaro ma ya yi gini, sai da aka cire allo biyu aka gyara.

Gara ta zo mana sau ɗaya, ta inda ruwan na'urar sanyi ke ɗiga a gindin bango. Yarinyata ce ta ga hanyar tana shara. Muka janye ruwan da tiyo zuwa gindin mangwaro, aka zuba magani, ba ta dawo ba. Kada ka dasa fure jikin bangon.

Launi kuma ba zai tsaya ɗaya ba. Na waje ya riga na ciki duhu, gefen da rana ke taɓawa ya yi toka-toka. Sannan sauro: babbar ƙofa ba ta da amfani da damina in babu ta raga a bayanta, ka sa kuɗinta cikin lissafi tun yanzu, ga tsohuwa ga yara. Amma ranar sunan jikata da muka naɗe ƙofar, mata suka cika falo da baranda har tsakar gida, ana hira ɗaya, kowa na ganin kowa, ranar na san kuɗina ba su tafi banza ba.

Malamin Lissafi, Bobiyel:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba na Tawa, na bi maganarka. Daren jiya bayan isha'i na ɗauki tabarma na zauna kusa da Inna na tambaye ta. Na daɗe ina jira kafin ta yi magana.

Ta ce karon falo, wato tayil ɗin daɓe, santsi gare shi, sau biyu ƙafarta na zamewa ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ce dokin ƙofar yana da tsawo, gwiwarta ba ta son ɗagawa. Na auna da safe, santimita 17 ne, ni ban taɓa lura ba. Ta ce in tana ciki ba ta jin sallama, baƙo zai tsaya a ƙofar gida ba wanda ya amsa, wannan kuwa abin kunya ne a wurinta. Sai ta yi shiru, sannan ta ce farin saman nan da farar fitila irin na ɗakin asibitin da mahaifinmu ya cika ne, in ta ɗaga kai sai ta ga daren. Shekara guda tana gidana ban san wannan ba. Kuma Baba na Tawa ka canka daidai, ta ɗauki duwatsu a aikin Keita, da ƙanwata goye a bayanta.

Ga inda na tsaya. Injiniya zai zo ranar Asabar. Za a daidaita daɓe, a sa karo mai kaushi ciki da waje, a tare gabas da bulo mai huji, a yi ƙofar raga. Katako a sama kaɗai zan sa, iroko, in saya a Nuwamba in jira. Bangon yamma za a yi masa shafe mai launin ƙasa daga ciki har baranda.

Saura tambaya ɗaya. Da na kwatanta mata aikin, ta ce ɗakin Baba na ƙauye ya fara zubewa tun daminar bara, azarorinsa kuwa shi da kansa ya sayo su shekarar da aka haife ni. Ta tambaya ko za a iya kawo su. Guda goma sha ɗaya ne a iya tunawarta. Za su shiga wannan aikin?

Kafinta, kusa da Katako:

Za su shiga, Malam. Azarar da ta yi shekara arba'in a ɗaki ta gama duk motsin da za ta yi. Ka sa a cire su a hankali kafin rufin ya faɗo ya karya su. A duba bakunan da suka kwana cikin laka, a soka wuƙa, inda ya yi laushi a yanke. A kankare da burushin ƙarfe, mai aikin ya sa safar hannu don tsiyayenta kamar allura suke. Ba za su ɗauki nauyin rufi ba, gajeru ne, amma za mu jera su a ƙarƙashin irokon a baranda, daidai inda take shimfiɗa tabarmarta, mu huda mu ɗaure da bis, domin giginya tsagewa take in an buga mata ƙusa. Kafin a ɗoro su mota ka je wurin ma'aikatan gandun daji na can ka karɓi takarda cewa tsofaffi ne daga gidanku, saboda shingayen hanya. In sun iso ka auna tsawon kowace ɗaya ka rubuto mini a nan.